Ƙwayoyin da Ban Haɗiye Ba

Na daɗe ina kewaye wannan babin. Na rubuta muku zuwana Ibadan, na rubuta haihuwarku ɗaya bayan ɗaya, na rubuta rasuwar mahaifinku, amma duk sanda na iso shekarar da aka tsayar mini da allura sai in rufe littafin in ce biro ya ƙare. Biro bai ƙare ba, kunya ce take riƙe mini hannu. To yanzu ciwon ya dawo, ya sauka a ƙashin bayana, kuma na ji abin da yayanku ya faɗa wa ƙanwarsa Rabi ranar Sallah a tsakar gida yana zaton barci nake. Ya ce da ta iya fassara, da yanzu ba a nan muke ba. Shekara shida ke nan yarinyar nan tana ɗauke da wannan magana, ba ta taɓa kare kanta ba. Ku ji yadda aka yi, iyakar abin da na gane, don har yau akwai wuraren da kaina yake ɗaurewa.

Kun san sunan da unguwarmu ta Sabo ta sa mini, Ladi Zuciya. Ban taɓa jin haushinsa ba, ni ma da shi nake taƙama. Ni ce matar da ta haifi Rabi da hantsi ta tashi ta ɗora sanwar rana. Ni ce wadda masu tsire daga nan har Mokola suke layi a zaurenta saboda yaji, don ban yarda da inji ba, a turmi nake daka ƙuli-ƙulina da citta da barkono da masoro, da hannuna. Sanda aka ce ciwon daji ne a nonona na dama, aka yanke shi, aka yi mini ƙarin ruwan nan mai zubar da gashi, ba wanda ya ga hawayena. Yayanku, ɗan farina da ba na kiran sunansa, wanda kuke ce wa Yaya Babba, har a rumfarsa ta albasa a kasuwar Bodija yake ba da labarina. Yana cewa uwarsa ƙarfe ce. Ina jin haka ina ƙara cijewa.

Bayan ƙarin ruwan sai aka ce saura wata allura, ana ɗura ta a jijiya duk bayan mako uku har shekara ta zagayo. Likitar, wata siririyar Bayarabiya mai tabarau, ta ce irin ciwona yana da wata alama a jikinsa, allurar kuma alamar take bi ta kama shi, ba ruwanta da gashi ko farce. Ita ce za ta tsare ƙofa kada ya dawo. Duk wannan ta bakin Rabi na ji shi. Shekara arba'in ina Sabo amma a cikin gida na yi su, Yarabancina na ciniki ne, nawa ne, rage mini, sannu da aiki. Turanci kuwa ko na roƙon ruwa ban iya ba. Rabi ce ta yi sakandare, ita ce take jin Yarabanci kamar a Oje, cikin tsohon garin Ibadan, aka yanke mata cibiya, saboda haka ita take rufe shagon ɗinkinta ta saka ni a keke mu tafi babban asibiti.

Abin da ya fara rikita ni shi ne hoton zuciya. Kafin allurar farko aka shigar da ni wani ɗaki mai duhu, aka ce in kwanta ta gefen hagu, aka shafa mini wani abu mai sanyi kamar ƙullun koko, aka riƙa goga wata na'ura a ƙirjina. Wani baƙin abu yana motsi a talabijin, yana fuƙ-fuƙ kamar zugazugin maƙeri. Na ce wa Rabi ta tambaye su, nono ne ya yi ciwo, kuma na dama, me ya kawo su hagu?

"Inna, wai allurar takan taɓa zuciya, shi ya sa duk wata uku za a riƙa dubawa."

Na ce to. A raina na ce lalle mutanen nan ba su san ni ba. Mutuwar mahaifinku ce ta taɓa mini zuciya, ba ruwan roba ba. Ban ƙara tambaya ba, ita ma ba ta ga abin ƙari ba, ta ɗauka mun fahimci juna.

A ɗakin allurar akwai wata mata da ranarmu take haɗuwa, Iya Eleja, mai sayar da busasshen kifi daga wajen Akinyele. Kujerarta tana kusa da tawa. Ba mu da harshe ɗaya sai na kasuwa, amma mun saba. Ina kai mata yaji a ƙullin leda, tana kawo mini kifi, tana nuna kanta da ya fara tsiro tana nuna nawa muna dariya. Ranar allura ta bakwai na tarar da wata a kujerarta. Na tambayi nas da hannu, ta ɗaga ido sama ta ce, "E pele, Mama." Wannan kam na gane shi, gaisuwar ta'aziyya take mini. Rabi ta fita sayo ruwa. Na ja mayafi na rufe fuska, na yi kukan da ban yi ba tun farkon ciwon, kuma ba don Iya Eleja kaɗai ba. Tsoro ne ya kama ni, tsoron mutuwa tsirararsa. Kafin Rabi ta dawo na goge fuska. Washegari ce ranar hoton zuciya.

Kwana uku bayan hoton muka shiga wurin likita. Ta jera takardu biyu a tebur, ta nuna wata lamba a ta farko, ta nuna wata a ta biyu, ta yi ƙasa da hannunta. Ta fara da Turanci, da ta ga Rabi tana ƙifta ido sai ta juya Yarabanci. Kalma ɗaya nake ta ji tana dawowa, okan, okan, ashe zuciya ke nan da Yarabanci. Rabi ta juyo gare ni, fuskarta ta canza.

"Inna, ta ce hoton ya nuna zuciyarki ba ta da ƙarfi kamar da. Ba za ta iya ɗaukar allurar yanzu ba. Za a dakata mako shida, a sake hoto. In ƙarfin ya dawo a ci gaba."

"Zuciyar wa?"

"Taki, Inna."

"A hoton suka gani?"

"A hoton."

Ku tsaya a inda na tsaya ku gani. Na yi kuka a ɓoye, washegari an ɗora mini na'ura a ƙirji, yau ga takarda ta fito ta ce ba ni da ƙarfin zuciya. Me za ku ce? Ni dai cewa na yi ashe injin nan tsoro yake ɗauka. Ashe abin da na ɓoye a ƙarƙashin mayafi shi ne baƙin abin da yake motsi a talabijin, kowa ya gani, har yaran da suke koyon aiki. Ashe allurar nan ba a ba matsorata. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, ko ranar da aka buɗe ƙirjina gaban maza.

Likitar ta rubuta ƙwayoyi iri biyu. Nan nake so ku buɗe kunne, musamman kai Babba. Rabi ta faɗa mini komai, ba ta rage ko ɗaya ba. Ta ce a sha kullum, safe da yamma, kada a tsallake. Ta ce a rage gishiri. Ta ce in huta, ban da aikin ƙarfi. Ta ce in ƙafa ta kumbura ko numfashi ya yi wuya mu dawo a ranar, kada mu jira mako shida. Na tambaye ta ƙwayoyin na mene ne. Ta tambayi likitar, ta juyo.

"Na kwantar da zuciya ne, Inna. Wai don ta daina gudu, ta samu ta huta."

Me ya rage? Maganin kwantar da zuciya ai na san shi. Shi ake ba matar mai gidan burodi ta layinmu tun da ɗanta ya ɓata, take zama a dakali tana kallon bango, yawu yana zuba. Wato abin nawa har ya kai nan. A cikin keke muna dawowa Rabi tana ta magana da direba a kan hanya, ni kuwa na riga na yanke shawara. Mako shida suka ba ni. Zan koma musu da zuciyar da za ta fasa injinsu, su ba ni allurata, kuma ba da taimakon ƙwayar masu taɓin hankali ba.

Da yamma Babba ya shigo daga Bodija yana warin albasa, ya tsuguna ya gaishe ni, ya tambayi yadda muka yi. Rabi ta riga ta tafi gidan mijinta a layin baya. Ni na ba shi labari da bakina.

"Wai ba ni da ƙarfin zuciya, sun hana ni allura sai na samo."

Ya yi dariya har da dukan cinya.

"Ke Inna? Abeg, su zo Sabo su tambaya. Ki nuna musu ko ke wace ce."

Ka tuna? Ban kawo wannan don in ɗora maka ba. Na kawo ne don ka ga kai ma da Hausarka, da hankalinka, inda na faɗa nan ka faɗa.

Rabi tana zuwa da sassafe kafin ta buɗe shago, ta dawo bayan la'asar. Ta ɓallo ƙwaya ta sa mini a tafin hannu, ta miƙo kofi, ta tsaya a kaina sai na kai baki. Ina kaiwa. Sai in tura ta bayan dasashi in kurɓi ruwan in haɗiye shi kaɗai. Tana juya baya in tofo ta a bakin zane in ƙulle, in na shiga bayi in watsa a kwata. Ƙanana ne, ɗaya fara ɗaya ruwan ƙasa, ba su da wuyar ɓoyewa, sai dai ɗaci da suke bari a baki. Kwana talatin da biyar ina haka, safe da yamma. Ko sau ɗaya ba ta zarge ni ba. Wa zai zargi uwarsa da wasan yara?

Tsakanin zuwanta na safe da na yamma kuwa, gidan nawa ne. Na jawo turmin da kuka kife a bayan ɗaki tun ranar tiyata. Na aika wa masu tsire cewa Ladi ta dawo aiki. Hannun dama ba ya ɗaguwa sosai saboda ɗinkin, sai na koyi jan taɓarya da hagu. Shanyar barkono a saman bene nake yi, matakala goma sha tara, in hau in sauko sau uku, sau huɗu, ko ba abin ɗaukowa. Gishiri kam na rage shi a miya, wannan umarnin ban ga laifinsa ba. Sai ga Yaya Asabe maƙwabciyarmu, wadda ta karɓi haihuwar ukunku, ta ji labari ta shigo da kwano a rufe.

"Ladi, me nake ji? Wai zuciya ta yi sanyi? Ai jini ne ya yi sanyi. Me muke ba mai jego in ta yi laushi?"

Ta buɗe, kunun kanwa ne, ja wur, ya ji kanwa har yana kama harshe. Na ce mata an hana ni gishiri. Ta riƙe haɓa.

"Kanwa gishiri ce? Yaushe aka fara?"

Ni ma ban san gishiri ba ce, ko ƙanwar gishiri, ko ma mene ne nasu. Likita ba ta ambaci kanwa ba, ina Bayarabiyar asibiti za ta san muna dama ta mu sha da kwano? Rabi ma ba ta ambata ba, tunda ba a faɗa mata ba. Kullum da hantsi Yaya Asabe tana kawowa, ina shanyewa, ina jin zafi yana ratsa ni ina cewa ƙarfi ne yake shigowa. Allah ya ji ƙanta, da alheri ta yi.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, har yanzu in na tuna sai in rasa dariya zan yi ko kuka, shi ne yadda na riƙa karanta jikina a juye. A mako na uku ƙirjina ya fara bugawa fat-fat ko ina zaune. Na ce ga shi nan, tsoron ne ya dawo, sai in miƙe in ɗauki taɓarya in daka har sai idona ya yi duhu. In numfashi ya sarƙe a matakala ta goma, in ce ragwanci ne, in ƙarasa. Da bugun ya ƙaru sai in ƙara aiki, da na ƙara aiki sai bugun ya ƙaru. Ina zagin kaina a fili, ina cewa Ladi kin ji kunya, matan da ba su kai ki ba suna can suna karɓar allurarsu. Silifas ɗina suka daina shiga. Idon sawuna ya ɓace, in na danna da yatsa sai rami ya zauna kamar a tuwo. Na tuna sarai abin da Rabi ta ce game da kumburi. Na kuma san in ta gani za ta kwashe ni mu koma kafin lokaci, a ɗora injin, ya tarar ban gama shiri ba. Sai na fara sa safa ina sakin zane har ƙasa.

"Inna, safa a wannan zafin?"

"Sanyin siminti ne yake damuna."

Ta dube ni, ta dubi tarin da nake yi, ta ce ko mu je a duba. Na daka mata tsawar da na saba, na ce ni na haife ta ko ita ta haife ni. Ta bar maganar. Ku kun san tsawata, ba wanda ya taɓa tsallake ta a cikinku.

A sallah ne na fara shakkar kaina. Azahar ce, na kai goshi ƙasa, sai na ji kamar an danna kaina cikin randa. Iska ta ƙi shiga. Na ɗago ba tare da na gama tasbihi ba, na zauna ina haki a kan darduma. A nan wani tunani ya gifta mini, cewa tsoro ai ba ya hana sujada, a sujada ma yake tafiya. To wannan mene ne? Amma saura 'yan kwanaki a yi hoto, sai na ture tunanin. Bayan kwana biyu da hantsi, ina tsakiyar dakan citta, taɓarya ta suɓuce, na ga bakin turmi yana tahowa fuskata. Yaya Asabe ce ta tarar da ni da kwanonta a hannu.

Na farfaɗo a gadon asibiti an jingina ni da matasai, roba a hanci, wata a hannu, wata kuma tana janye fitsari, ruwan da ya taru a jikina yana ta fita. Kwana biyu ban san inda kaina yake ba. A na uku wani matashin likita ya zo, dogo, ya duba takardata ya ga sunan, sai na ji ya ce, "Sannu Hajiya, ya jiki?" da Hausar Katsina. Wallahi kamar an ɗauke mini dutse. Yana cikin likitocin zuciya, karatu ya kawo shi kudu. Babba yana tsaye a ƙafar gado, Rabi tana zaune a gefena. Na kama hannun rigar likitan na ce ya gaya mini tsakaninsa da Allah, injin nan me yake gani? Tsoro yake gani?

Ya kalle ni, ya gane da gaske nake. Bai yi dariya ba, Allah ya yi masa albarka. Ya dunƙule hannunsa ya riƙa matsewa yana saki.

"Hajiya, ba zuciyar jarumta ba, ba ta fushi ba. Tsoka ce, nama, irin wadda mahauci yake cirowa a ƙirjin rago. Aikinta tura jini. Allurar da ake miki tana kashe ciwon, amma a wasu mutane takan sa naman nan ya yi laushi, matsawarsa ta ragu. Shi muke aunawa. Ko sarkin yaƙi ne zai iya samunsa. In an dakata da allurar, aka sha magani, aka huta, sau da yawa yakan farfaɗo a ci gaba."

Na ce to ƙwayoyin fa, ba na masu taɓin hankali ba ne? Ya ce a'a, su ne suke rage wa naman kaya don ya samu ya warke. Kaina ya juya. Wato maganin da yake ceton raina shi ne yake cin zuciyata, wanda na ɗauka na mahaukata shi ne mai gyara ta, dakan da nake yi don in ƙarfafa ta shi ne yake karya ta, kunun ƙarfi kuma shi ya tara mini ruwa a huhu. Duk abin da na riƙe a makonnin nan biyar a kife na riƙe shi. Ina cikin wannan juyin ya buɗe takarda ya ɗora biro.

"Ƙwayoyin nan biyu, ana shan su kullum?"

Rabi ta riga ni.

"Kullum, likita. Ni nake ba ta da hannuna, safe da yamma. Ko sau ɗaya ba mu tsallake ba."

Ya dube ni. Babba ya dube ni. Na buɗe baki, Allah ne shaidata na buɗe. Amma ga ɗan farina a tsaye, wanda yake gaya wa Bodija uwarsa ƙarfe ce, ga ɗan mutane mai ilimi da ya gama girmama ni, zan ce musu tsohuwa da jikoki tana ɓoye ƙwaya a dasashi tana tofarwa a kwata? Na gyaɗa kai. Gyaɗawa ɗaya, ƙarama. Ya rubuta. Na ga goshinsa ya tattare, ya ce in har da magani a jiki naman ya ƙara lalacewa haka, to lamarin ya fi yadda suka zata, zai gaya wa manyansa. A lokacin ban gane nauyin wannan magana ba, ko kuma na gane na kau da kai, ni kaina ban tabbata ba.

Da ya tambayi abin da nake ci da aikin da nake yi, maganar turmi da kunun kanwa ta fito daga bakin Yaya Asabe da ta zo dubiya. Likitan na fita Babba ya juya kan Rabi, a nan gaban marasa lafiya.

"Ke kika shiga da ita. Ke kika ji Turancin, ke kika ji Yarabancin. Wace irin Hausa kika yi mata da har ta ɗauka tsoro ake nufi? Kina zuwa gidan sau biyu a rana, ba ki ga turmi ba? Ba ki ga ƙafa ba?"

"Yaya, na faɗa mata..."

"Kin faɗa mata me? Ga abin da kika faɗa mata nan a kwance."

Rabi ta dube ni. Tana jiran in ce ta faɗa, ni ce na ƙi ji. Na lumshe ido kamar maganin ya ɗauke ni. Ina jin saukar numfashinta, ina jin ƙarar silifas ɗinta har ta fita daga ɗakin.

Daga ranar na fara haɗiye ƙwayoyin da gaske, kuma na ga aikinsu. Kumburi ya saɓe, numfashi ya dawo, bayan wata uku hoto ya nuna lambar ta ɗan hau. Na sa rai. Na yi ta cewa a raina tunda ta hau ai shi ke nan, ba sai na tona kaina ba. Muka koma wurin likita mai tabarau, Rabi a gefena kamar kullum, don duk abin da ya faru ba ta fasa raka ni ba ko rana ɗaya. Likitar ta yi magana mai tsawo, a hankali. Rabi ta sa ta maimaita sau biyu. Sannan ta juyo, tana zaɓen kalma ɗaya-ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

"Inna, ta ce naman da yake cikin ƙirjinki, mai tura jini, ya ɗan farfaɗo. Amma sun zauna da likitocin wancan ɓangaren. Sun ce tunda ya faɗi warwas alhali kina kan magani, ba za su sake gwada allurar ba. An tsayar ke nan. Bakwai ɗin da kika samu, su ke nan."

Ba ta ce zuciya ba. Tun daga asibitin nan ban sake jin kalmar a bakinta a gabana ba. Wannan ita ce dama ta biyu da Allah ya ba ni, likita tana zaune, takarda a buɗe. Da na ce ban sha ba, wataƙila da sun sake lissafi. Wataƙila kuma da ba su sake ba, don bara na tambayi wani likita a kaikaice, kamar labarin wata nake bayarwa, ya ce wanda ruwa ya taɓa cika wa huhu ba kasafai ake mayar masa da allurar ba, amma da sun san gaskiya da sun auna da ita. Na tambaye shi da matar ta ƙarasa allurarta, da ciwon bai dawo ba? Ya ce wannan sai Allah. Kun ga inda aka bar ni. Ban san abin da shiruna ya ci mini ba, ko shekaru ne, ko ba komai. A ranar dai cewa na yi, "To, Allah ya sa haka ne mafi alheri," na gyara mayafi muka fito.

A cikin keke Rabi ta yi ta kuka ba sauti, daga ƙofar asibiti har shataletalen Mokola. Ta ce, "Inna ki yafe mini, da na san yadda zan faɗa." Ni kuma, don in cika rashin kunyata, na dafa ta na ce na yafe.

Abin da ban sani ba na faɗa muku ban sani ba. Wanda na sani shi ne wannan. Hausar Rabi ba ta da aibu, kalma ɗaya muke da ita ga abu biyu, ta ba ni ita, ni na zaɓi wadda ta dace da girman kaina. Babba, ba a waya za ka ba ta haƙuri ba. Ka rufe rumfa ka taka har gidanta, ka faɗa a gaban mijinta da 'ya'yanta kamar yadda ka faɗi waccan a gaban mutane. Ke kuma Rabi, na karɓi yafiyar da ni ya kamata in roƙa, na riƙe ta shekara shida, ga ta na dawo miki da ita. Abin da kika gaya wa likita gaskiya ne, kin ba ni da hannunki safe da yamma, ba ki tsallake ba. Ni ce ban haɗiye ba.